Lambun Tsakar Gida: Noma Ba Ƙasa a Maƙwabtan Bakolori

Wanda ya ratsa ƙasar Talata Mafara da Bakura a tsakiyar rani, lokacin da daji ya bushe ƙurmus, zai ga abin da ba kowane yanki na Zamfara ke da shi ba: fage bayan fage na shinkafa kore shar, ga albasa, ga tumatir, ga dankali da rake. Albarkar madatsar ruwan Bakolori ce, wadda aka datse Gulbin Sakkwato da ita a ƙasar Maradun, aka gina ta don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. A gefen irin wannan ruwa, in mutum ya kawo zancen shuka alayyafo a cikin jarka, sai a ɗauka wasa yake yi.

Amma a Damaga da sauran garuruwan da ke tsakanin Maradun da Bakura da Mafara, shekaru ke nan noma ya koma aikin da ake fita da fargaba. Gonar da ta yi nisa da gari an bar wa ciyawa. Wadda ake iya zuwa kuwa, a wurare da dama sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a kwashe amfani. A watan Agustan 2021 har cikin Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura maharan suka shiga, suka yi kisa, suka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu sun raɓe a cikin gari, wasu a gidan dangi, wasu a kangwaye. Manoma ne gaba da baya, amma ba su da ko taku ɗaya na gona. Hatsi dai ana nemo shi ta kowane hali. Abin da ke fara ɓacewa daga tukunya shi ne kayan miya, ganye da tumatir da tattasai, waɗanda jikin ƙaramin yaro da na mai juna biyu ba ya yi sai da su.

A nan ne noman da ba ya buƙatar ƙasa, wanda masana ke kira haidurofonik, yake da rawar takawa. Sai dai iri-iri ne. Wanda aka fi yaɗawa a talabijin da Facebook, mai fararen bututu da fitilu da injuna, shi ne ya fi rashin dacewa da wannan yanki. Wanda ya dace na buntun shinkafa ne da ɓawon gyaɗa da tsohuwar jarka.

Tsiro ba ƙasa yake ci ba. Ƙasa tana riƙe shi kada ya faɗi, tana ajiye masa ruwa, tana kuma ajiye masa sinadaran abinci. Masana sun ƙirga sinadarai 17 da shuka ba ta rayuwa sai da su. Uku tana samun su daga iska da ruwa. Sauran 14, irin su naitirojin da fosfaras da fotasiyam da kalsiyam, har da 'yan ƙanana kamar ƙarfe da zinki, sai sun narke cikin ruwa kafin saiwa ta iya tsotsar su. Ke nan in aka narka su a ruwa daidai gwargwado, aka sama wa tsiron abin jingina, an raba shi da ƙasa. Tun wajen 1860 wasu Jamusawa biyu, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka tabbatar da haka a ɗakin bincike. A 1929 William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya ce abin ya isa a fito da shi a noma abinci, ya kuma raini tumatir a cikin ruwa har tsawonsa ya haura mita 7. Ba a daɗe ba kamfanin jiragen sama na Pan American ya riƙa noma ganye ta wannan hanya a tsibirin Wake, wani fako a tsakiyar tekun Fasifik, don ciyar da fasinjoji da ma'aikata, sojojin Amurka kuma suka yi irin haka a tsibirin Ascension lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun asali, dabara ce ta mutanen da ƙasar noma ta gagara.

Akwai abu na huɗu da ƙasa ke bai wa shuka, wanda aka fi mantawa da shi, wato iska. Saiwa tana numfashi. Duk manomin da ruwa ya taɓa kwanta wa a gonar masara ya ga yadda take yin ɗorawa ta mutu alhali tana tsaye cikin ruwa. Yawancin injunan da ake gani a manyan gonakin haidurofonik aikinsu ke nan: su riƙa juya ruwan, ko su hura masa iska, don kada saiwa ta shaƙe. In wuta ta ɗauke da tsakar rana a irin tsarin nan na bututu, wanda siririn ruwa kawai ke bi ta ƙarƙashin saiwa, 'yan awoyi sun isa shukar ta yi yaushi ta tafi.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan abin da ke faruwa idan noma ya rataya a wuyan wutar lantarki, domin a ƙofar gidansu aka yi. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina Bakolori. An fara aikin a 1974, aka gama madatsar a 1978, aka danƙa ta ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An tsara ban ruwa ga hekta 23,000. Daga ciki, hekta 15,000 da na'urorin feshi za a shayar da su, masu watsa ruwa sama ya sauko yayyafi, waɗanda ba sa motsi sai da manyan famfuna da wuta. Sauran hekta 8,000 kuwa ruwa ne zai gangaro musu da kansa ta magudanai. Kafin a kai ga cin amfanin aikin, talakawa sun biya farashi mai nauyi. Ruwa ya cinye ƙauyuka da fadamu, an sare itatuwan amfani, an hana mutane shuka damina bayan damina ana baje filaye, diyya kuma ta zo a makare ko ba ta zo ba. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, wasu masu bincike suka ce sun haura 380. Bayan duk wannan, zuwa 2003 na'urorin feshin sun daina aiki gaba ɗaya, abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba, kuma a ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa ne. Da Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014, da kuɗi kusan dala miliyan 495 don farfaɗo da wasu manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, Bakolori na ciki, kuma magudanai aka fi mayar da hankali a kai.

Ɓangaren da ya rayu shi ne wanda manomi zai iya gyarawa da fartanya da shebur. Duk mai son kawo wa Damaga sabon salon noma ya kamata ya fara auna shi da wannan ma'auni.

Ƙasashen da ke da wuta dare da rana ma ba su tsira ba. Wani bincike da masana na Jami'ar Jihar Arizona suka fitar a 2015 ya kwatanta latas ɗin gona da na haidurofonik a yankin Yuma mai tsananin zafi. A fili iri ɗaya, na haidurofonik ya ninka na gona sau 11. Kowane kilo ya sha ruwa kimanin lita 20, na gona kuwa lita 250. Amma makamashin da ya ci, saboda sanyaya rumfa da juya ruwa, ya ninka sau 82. Wannan adadi na ƙarshe shi ne masu talla ba sa faɗa. A 2023 manyan kamfanonin Amurka biyu na irin wannan noma, AeroFarms da AppHarvest, suka kai kansu kotu kan bashin da ya fi ƙarfinsu, bayan sun sha ɗaruruwan miliyoyin daloli na masu zuba jari. A Najeriya akwai waɗanda suka yi fice: Angel Adelaja ta kafa Fresh Direct a Abuja tana noma ganye a cikin kwantena, Samson Ogbole yana koyar da matasa a Soilless Farm Lab a Jihar Ogun, cibiyar IITA ta Ibadan kuma tana hayayyafa irin doya da saiwarsa a rataye cikin iska ana fesa mata ruwan abinci. Aiki ne na a yaba. Sai dai mai noma latas a Abuja yana da otal-otal da manyan kantuna da za su saya da tsada. Mai noma a Mafara kasuwar Talata yake da ita, inda ake cinikin ganye ɗauri-ɗauri.

Misalin da ya fi kusa da halin Damaga a Dakar yake, babban birnin Senegal. A 1999 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tare da gwamnatin ƙasar, suka fara koya wa mazauna unguwannin talakawa yin ƙananan lambuna a tsakar gida da kan rufin soro. Dabarar daga Kudancin Amurka aka ɗauko ta, inda matan unguwannin marasa galihu na Bogota suka riga suka gwada ta da buntun shinkafa. Tebur ake haɗawa da ragowar katako, faɗinsa kamar mita ɗaya, a shimfiɗa masa baƙar leda, a cika shi da ɓawon gyaɗa da buntu da 'yar tsakuwar marmara. Kullum a zuba masa ruwan da aka narka abincin shuka a ciki. Ba famfo, ba wuta. Mutane fiye da 4,000 suka rungumi abin, mafi yawansu mata, har shirin ya ci lambar yabo ta Dubai ta hukumar UN-Habitat a 2008. A ƙiyasin FAO, tebur guda mai murabba'in mita ɗaya zai iya ba da kilo 30 na tumatir a shekara, ko kan latas 36 duk kwana 60, ko albasa 100 duk kwana 120, da ruwan da bai wuce lita 3 a yini ba. Wannan lissafi na wanda hannunsa ya faɗa ne, a birnin da iskar teku ke sanyayawa. Mai farawa a Maradun ya sa ran ƙasa da haka. Ko rabinsa ya samu, ya rage cefane.

Abin da Dakar ke nema, a nan zube yake. Bayan kowane injin casar shinkafa a Mafara da Bakura akwai tulin buntu, wani a ƙone, wani iska ta kwashe. Gyaɗa kuwa ba baƙuwa ba ce a Zamfara. Buntu yana da kyau domin ba ya saurin ruɓewa, kuma iska na ratsa shi, amma ɗanyensa ba ya riƙe ruwa sosai. Shi ya sa ake jiƙa shi kwana goma zuwa mako biyu ana canza ruwa, don ragowar shinkafar da ke ciki ta tsira ko ta ruɓe a wanke ta, sa'an nan a gauraya shi da yashin gulbi da aka wanke. Wasu kan babbaka shi sama-sama ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, wanda hakan ke ƙara masa riƙon ruwa ya kuma kashe ƙwayoyin cuta. Zurfin da bai wuce tsawon tafin hannu ba ya ishi alayyafo da latas da yakuwa. Tumatir da tattasai da kuɓewa sun fi son bokiti ko buhu mai zurfi. A ɗan karkata tebur, a huda ledar a gefen da ya fi gangara, a sa guntun tiyo, a tara ruwan da ya tsiyayo a cikin roba. Ba zubar da shi ake yi ba, gobe da safe shi za a fara mayarwa.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan sauƙi, wadda Bernard Kratky na Jami'ar Hawaii ya daɗe yana bincike a kanta har ake kiran ta da sunansa. Bokiti mai murfi ko jarka ake samu, a huda sama daidai ƙaramin kofin roba, a yi wa kofin huji-huji, a cika shi da buntu, a dasa tsiron a ciki. A cika bokitin da ruwan abinci har ya taɓa gindin kofin. Shi ke nan. Tsiro na sha, ruwa na sauka, saiwa na bin sa. Saiwar da ta rage a sama, cikin iska mai laima tsakanin murfi da ruwa, ita ke numfashi, ta ƙasa kuma tana sha. Ruwa kamar lita 4 yakan ishi kan latas guda daga dashe har girbi. Kuskuren da masu farawa suka fi yi na tausayi ne: su ga ruwa ya yi ƙasa su cika shi fal, su nutsar da saiwar numfashi, shuka ta mutu cikin kwana biyu. In za a ƙara, kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, ba a mayar da shi inda ya faro. Jarkar man girki da aka wanke tas ta yi. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta yi ba ko kusa. A naɗe ta da buhu ko kwali don kada haske ya shiga, in ba haka ba gansakuka za ta cinye abincin. A kuma toshe duk wata kafa, domin ruwan da ke zaune a tsakar gida gidan sauro ne, kuma ba a sayen miya da zazzaɓin cizon sauro.

Babban abokin gaba a wannan yanki zafi ne. Daga Maris zuwa Mayu, rana takan haura digiri 40. Saiwar yawancin kayan lambu ta fi jin daɗi in ruwan yana tsakanin digiri 18 da 24. In ya ɗumama, iskar da ke narke a cikinsa tana raguwa a daidai lokacin da saiwa ta fi buƙatar ta, sai ruɓa ta shiga, farar saiwa ta koma ruwan ƙasa mai yauƙi. Baƙar jarka a kan siminti da azahar ɗin Afrilu ba abin da zai rayu a cikinta. Saboda haka noman cikin ruwa zalla aikin hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma lokacin ne latas da kabeji ke yin kyau. Latas in ya ji zafi tsawo yake yi ya fitar da fure, ganyen ya yi ɗaci. Da bazara a koma teburin buntu, a ƙarƙashin rumfar kara ko zana mai tace rana, a shuka abin da ya saba da ƙasar: alayyafo, lalo, yakuwa, rama, kuɓewa. Binne bokitin a rami har wuya yana rage zafi ƙwarai. Akwai ma dabarar da ta cancanci a gwada, irin ta marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya ci kyautar Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya. Bokitin roba a cikin randa, da yashi mai laima kewaye da shi, zai samu irin wannan sanyin.

Sai maganar abincin shukar, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Manomi zai ce ai yana da NPK da yuriya. Ba su wadatar ba. Takin 15:15:15 ko 20:10:10 don ƙasa aka yi shi. Ba ya narkewa duka, kuma sinadarai uku kawai ya ɗauka da muhimmanci, saboda an san ƙasa za ta cike sauran. A cikin buntu ko ruwa babu mai cikewa. Rashin kalsiyam shi ke sa gindin tumatir ya yi baƙi ya lotse, rashin ƙarfe kuma ya sa sabon ganye ya fito fari-fari. Yuriya kuwa sai ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa sun sarrafa ta kafin shuka ta ci moriyarta sosai, kuma ruwan jarka ba shi da su. Takin haidurofonik na gaskiya kashi biyu yake zuwa, ana narka kowanne daban, domin in kalsiyam ya haɗu da fosfaras da salfa suna da kauri, dunƙulewa suke yi su kwanta a ƙasa, shuka ba ta samu ba. Sai an tsarma su cikin ruwa mai yawa ake haɗawa. Ruwan ma da nasa sharaɗin. A ma'aunin pH ana son ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5, wato ya ɗan karkata ga tsami. Rijiya mai zartsi ba ta yi, ruwan sama da aka tara shi ne gaba, na magudana kuma a bar shi ya kwanta tukuna. Gishiri yakan taru a buntu a hankali, don haka duk mako a shayar da tebur da ruwa zalla sau ɗaya ya wanke.

Irin wannan taki a manyan birane ake samun sa, da tsada, a manyan buhuna. Wanda bai same shi ba kada ya zauna jira. Ya gauraya buntu da yashi da ruɓaɓɓen takin tumaki ko kashin kaji da ya huce, ya cika buhu, ya dasa. Masana ba za su kira wannan haidurofonik ba, noman buhu ne, irin wanda aka koya wa 'yan gudun hijira a Borno. Tukunyar miya ba ta tambayar sunan.

Masu kiwo ma da rabonsu. A sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke Tinduf, cikin hamadar Aljeriya, Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, WFP, ta fara wani shiri a 2016 tare da wani injiniyan aikin gona ɗan sansanin, Taleb Brahim. Sha'ir ake jiƙawa a baza a faranti, ana yayyafa masa ruwa, cikin kwana 7 ya zama shimfiɗar ciyawa kore da awaki ke ci har saiwa. Da kwantena mai sola na dubban daloli aka fara, aka yi ta sauƙaƙa shi da kayan gida har ya dawo na 'yan ɗaruruwa, daga baya aka kai shi gabashin Chadi. Ga matar da ke turke ragon layya a Damaga, a lokacin da zuwa daji yankan ciyawa ya zama kasada, harawa kuma ta yi tsada, wannan abin dubawa ne. Amma a yi lissafi da idon basira. Kilo ɗaya na hatsi yakan ba da kilo 5 zuwa 7 na ciyawa, sai dai mafi yawan nauyin ruwa ne, kuma ƙwayar tana ƙona wani ɓangare na abincinta wajen tsira. Ƙari ne a kan dusa da harawa, ɗanyen ganye ne a lokacin da babu shi, ba ya maye gurbinsu. A yi da masara ko alkama. Kada a yi da dawa, domin ƙaramin tsironta yana da guba mai kashe dabba, abin da makiyaya suka daɗe da sani. Farantin da ya yi fumfuna kuma a zubar, kada a ba dabba.

Wanda ke son ya mayar da abin sana'a, ba na ci a gida kawai ba, kalanda zai fara dubawa. Daga Janairu zuwa Maris kayan lambun Bakolori da na fadamu suna cika kasuwa, tumatir har ruɓewa yake yi a kwando. Babu mai jarka da zai iya gogayya da wannan araha. Daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina kuwa labari ke juyawa: zafi ya hana fure kamawa, ruwan sama ya kawo cututtukan ganye, farashi ya yi sama. Tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira Sharon, ta nuna iyakar abin a 2016, lokacin da ta cinye gonakin tumatir har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa kuma ya tsaya saboda rashin kaya. Bokiti ashirin a ƙarƙashin rufin leda, kewaye da raga mai ƙananan ido, suna kauce wa dukan ruwan sama da cututtukan da ke kwance a ƙasa, kuma suna nuna a lokacin da kasuwa ke nema. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kowace awa da injin ban ruwa ya yi yana aiki ta ƙara tsada, wanda hakan ya ƙara wa noman da ake shayarwa da kofi daraja.

Wata sana'ar da ta fi wannan tabbas ita ce rainon iri. Manomin rani yana sayen ingantaccen irin tumatir ko tattasai da tsada, ya watsa a bedi, rabi ya mutu, sauran su ji ciwo wajen tugewa. In aka raine shi a faranti mai gurabe, kowace ƙwaya da gurbinta cikin babbakakken buntu, kusan duka suke tashi, a dasa su da saiwarsu cikakkiya bayan mako uku zuwa huɗu. Shirin HortiNigeria, wanda ƙasar Holan ta ɗauki nauyi daga 2021, ya yaɗa wannan a Kano da Kaduna. Matashin da ke da rumfa guda a Bakura ko Mafara yana zaune ne a tsakiyar dubban masu saye.

Kada a ɗora wa wannan noma abin da ba zai iya ba. Ba ya ba da gero, ba ya ba da dawa, ba ya cika rumbu. Iyalin da aka raba da gonarsu ba za su ƙoshi da tebur uku na alayyafo ba, kuma babu wani jami'i da ya isa ya nuna jarkoki ya ce an share wa mutanen Maradun hawaye. Haƙƙinsu ne su koma gonakinsu lafiya, hekta 23,000 ɗin Bakolori kuma su sha ruwa kamar yadda aka yi alkawari tun zamanin kakanninsu. Abin da lambun tsakar gida ke yi ƙarami ne, amma na yau ne, kuma yana hannun waɗanda aka fi mantawa da su a shirye-shiryen noma. Matar da ke cikin kulle ba ta buƙatar fita. Tsoho da ƙafa ta gaza zai iya aiki a tebur yana zaune. Wanda ke zaman aro in an ce ya tashi, ya ɗauki bokitansa ya yi gaba.

Gyara guda ne ya fi gaggawa, kuma ba na manomi ba ne. Yankin yana da Kwalejin Bakura, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da Jami'ar Jihar Zamfara a Talata Mafara, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Rumfar gwaji guda a ɗaya daga cikinsu, daga hunturu zuwa faɗuwar damina, za ta fitar da awon da ya dace da buntun Mafara da ruwan rijiyoyin Maradun: kwano nawa na buntu a kan kwano nawa na yashi, wane irin tumatir ne ke jure Afrilu, inuwa nawa ta isa. Daga nan sai a samu dillalin taki da zai sayo babban buhu ya ƙulla shi ƙananan leda biyu-biyu, kowane ƙulli daidai jarka mai lita 25, da bayani a rubuce da boko da ajami, a ajiye a shagunan da ake sayar da iri da maganin feshi a kasuwannin Mafara da Bakura da Maradun, a farashin da mai sayar da ƙosai za ta iya biya daga cinikin safiya.